Murhun da Kawu Zai Aika wa Kaka

Assalamu alaikum Anti, da masu bibiyar wannan shafi. A ɓoye sunana don Allah, kuma a yi min a hankali, abin da zuciyata ke faɗa min ma ya ishe ni.

Karatu ya kawo ni Dubai, ina zaune gidan kawuna a Al Nahda. Kawu ɗan kasuwa ne, yana lodin kaya zuwa gida. Kwanaki ya dawo daga wajen 'yan gwangwan a Sharjah da wani tsohon murhun ƙarfe, baƙi wuluk, mai ƙafa huɗu da ƙaramar ƙofa da bututun hayaƙi, irin wanda ake zuba wa itace a ɗumama ɗaki. Mahaifiyarsa ya saya wa, kakata da ke Jos, wadda sanyi ke riƙe wa gwiwoyi. Ya ce, "Ke 'yar boko, duba mana, ƙirar wace ƙasa ce?" Na duba gaba da baya, na kankare tsatsa, babu suna babu lamba. Na ɗauki hoto na bincika a waya, ban samu irinsa ba. Me zai hana in ce ban sani ba? Amma ni tun ina ƙarama ba na iya ganin tsohon abu ban ɗinka masa labari ba. Na ce na ƙasashen ƙanƙara ne, daga wani gida a kan dutse, inda tsofaffi ke kewaye shi jikoki na barci a cinyarsu. Kawu ya washe baki ya ce, "Halas, shi ke nan! Dama na ga alamar ɗan gidan mutunci ne."

Da sanyi ya shigo muka fita da shi sahara don gwaji, mu da abokan Kawu da iyalansu. Aka hura shi, aka gasa gurasa a kansa, aka jera nama a cikinsa. Na ji wani ƙauri, na ce wa kaina tsufa ne. Na ci, Anti. Har ƙari na yi.

Washegari na ce ni zan goge shi. A ƙasansa akwai wani aljihun toka da ya cije, na sa wuƙa na ɓamɓare. Toka ce ta daskare da wani kitse mai yauƙi, ga ƙananan ƙasusuwa, ga fiƙoƙi, ga zoben abin wuya da ɗan farantin ƙarfe mai siffar ƙashi, irin wanda masu kiwon karnuka ke rataya musu. Kuma zoben ba guda ɗaya ba ne. Har yau ban san inda aka ƙera murhun nan ba, amma na san mushen me wani ya riƙa ƙonawa a cikinsa. Na yi amai. Na wanke hannu da ƙasa, na wanke da sabulu, har yanzu ji nake warin na bin yatsuna. Sannan na ƙulle komai a leda na jefa a shara, ban gaya wa kowa ba. Wace irin mace ce ni?

Matar Kawu ta ga na daina cin gurasa, ta ce, "Ko dai soyayya ce, 'yar nan?" Na yi murmushi, yawu na taruwa a bakina.

Yanzu murhun yana sito a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, cikin makon nan za a rufe kwantena. Jiya Kaka ta kira, muryarta kamar ta yarinya. Ta ce, "Ƙawata, an ce ke kika gano asalinsa. Na sa an share masa gefen sallayata, a kai zan riƙa ɗumama ruwan alwala da kununa."

In na yi magana, Kawu zai san na yi masa ƙarya, shi kuma ya riga ya baza labarina ga duk wanda ya ci naman nan. In na yi shiru, tsohuwar nan za ta rufe ɗakinta da wannan hayaƙin ta yi ta sa min albarka. Wuta ta tsarkake shi, ko kaina nake lallashi? Jama'a, kafin a rufe kwantenar nan, me zan yi?