Ko Kurɓi Ɗaya

Yaya,

Ina gaisuwa, ya aiki? Wayarka ba ta shiga a dajin da kuke aikin hanya, shi ya sa na ba direbanku wannan takarda.

An kwantar da Baba, hanjinsa ne ya sauko, sai an yi tiyata. Tun jiya Litinin da yamma nas ta manna takarda a bisa gadonsa: ba ci, ba sha. Yau muka wuni muna jira, sai aka kawo mutanen da suka yi hatsari, aka ɗaga namu. Na ce to in ba shi ruwa? Ta ce a'a, ana iya kiransa kowane lokaci, ai ga ƙarin ruwa an sa masa.

Leɓensa duk ya tsage. Ka san shi da barkwanci, wai hannunsa na ta sha, shi an bar shi da kallo. Can kuma ya rage murya ya ce, “Auta, cikin murfin gora kawai, ba wanda zai sani.” Yaya, in ba shi?

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, takardarki ta same ni, Allah ya ba shi lafiya. Na nemi izini, an ce sai Asabar.

Game da tambayarki, kada ki kuskura. Wani abokin aikinmu ya ba ni labarin wanda aka ba wa ruwa a ɓoye, ya yi amai a kan gadon tiyata, ya shaƙe. Na san halinki, tausayi ya yi miki yawa, Baba ma ya sani, shi ya sa ke yake roƙo. Ki fitar da gorar daga ɗakin. Ƙishirwar kwana biyu ba ta kisa.

Ki gaishe shi. Ki huta lafiya.

Yayanki

Yaya,

Ina yi mana gaisuwa. Na san direba ya riga ya faɗa maka, amma akwai abin da bai sani ba.

Na bi maganarka. Ranar Laraba aka sake ɗagawa, na ɗauke gorar a gabansa. Harshensa ya yi nauyi, da ƙyar ya ce, “Har ke?” Ya juya fuska bango. Na kira sunansa, na matsa masa ƙafa, na karanta masa gaisuwarka, bai juyo ba.

Alhamis da hantsi likitar da ke sa barci ta zo duba shi. Ta buɗe bakinsa ta ce, “Yaushe rabonsa da ruwa?” Na ce Litinin. Ta ce, “Irin nasa, farin ruwa ba laifi har saura awa biyu a yi tiyata. Duk lokacin da aka ɗaga ya kamata a ba shi. Ba wanda ya gaya miki?” Ta ciro takardar da aka manna a bisa gadon ta cukuikuye. Amma an riga an turo gadon ɗaukarsa, lokaci ya ƙure. Ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, ya cafke yana tsotsa kamar jariri. Ya yi mata godiya har sau biyu. Ni ko kallona bai yi ba, har aka rufe ƙofa.

Bai farka ba, Yaya. Sun ce zuciyarsa ce, ba ƙishirwa ba. Sun maimaita mini, na ce na ji. Maƙwabta na cewa na yi jinya, Allah ya yi mini albarka, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina.

Sai ka zo.
Auta

Auta,

Ya haƙuri. Na karanta, na sake karantawa. Yau ban iya fita aiki ba. Abu ɗaya nake so ki faɗa mini tsakaninki da Allah: kin gaya masa ni na ce a hana shi?

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban gaya masa ba. Gaisuwarka kawai na karanta masa, na tsallake sauran. Ya tafi yana sa maka albarka. Fushi kam, da ni kaɗai ya tafi yana yi.

Allah ya kawo ka lafiya.
Auta