Abin da ya faru a gonar tulip tsakanin Siem da Hidde

Zuwa ga Yaya Wybren,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina roƙon Allah ya sa sanyin Kanada bai tayar maka da ciwon gwiwa ba, ya kuma ƙara wa matarka Yaya Femke lafiya. Mama tana nan da sauƙi, sai dai abinci ba ya shiga sosai, kuma yanzu za ka ji dalili.

Ka san tsutsar nan da ido ba ya gani, wadda ta ruɓar mana da albasar furen tulip bara a filin bayan coci. Mijina Siem ya datse filin, ya cika shi da ruwa duk tsawon lokacin zafi don ta mutu. Da kaka ta shigo ya janye ruwan, muka dasa sabon iri. Ya kafa doka cewa ko takalmi ba zai shiga ba sai an wanke.

Ranar Talata da hantsi ƙanenmu Hidde ya dawo daga huɗa a gonar maƙwabci, wadda kowa ya san cutar ta cinye. Maimakon ya zagaya ta titi, sai ya yanko ta tsakiyar filinmu, tayoyin tarakta duk laka. Siem ya bi shi da gudu yana ihu. Hidde ya tsaya yana dariya, ya ce wa Siem ya kwantar da hankalinsa, ai ƙasar ubansa ce, shi kuwa Siem aure ne ya kawo shi, ko tukunyar fure bai zo da ita ba.

Yaya, ina tsaye da butar kofi a hannu Siem ya fizgo shi daga kan kujera. Suka faɗa cikin kunyoyin gonar suna naushin juna. Hidde ya danne shi, ya cusa masa fuska cikin laka yana cewa ya ci, tunda ya fi son ta da mutane. Siem ya kufce, hannunsa ya faɗa kan shebur. Na ji ƙarar ƙarfen a fuskar Hidde tun daga bakin lambatu. Da na isa, jini ya rufe masa rabin fuska, haƙoransa na cikin ƙasa, Siem kuma ya durƙusa yana kiran sunansa.

Likitocin asibitin garin Hoorn sun ɗaure muƙamuƙin da waya, amma idon hagu ya tafi. Da 'yan sanda suka zo, Hidde ya nuna musu da hannu cewa daga tarakta ya faɗo. Ni kuwa ya juya mini baya, har yau bai yarda na zauna kusa da gadonsa ba. Ko cutar ta shiga filin, ba wanda zai sani sai tsiro ya fito. Siem ya kwashe ƙasar da tayoyin suka taka, shi kaɗai, da hannu, don ya kasa sake taɓa shebur.

Don Allah ka kira Hidde. Ba zai iya amsawa ba tukuna, amma maganarka kaɗai yake saurara tun yana ƙarami.

Ka gaishe da Yaya Femke, da ɗanku Jelte da amaryarsa. Mama da Inna Sietske suna gaishe ku. Siem ya ce in gaishe ka, na ɗauki biro sai ya ce in bari, ba ya jin za ka amsa.

Ƙanwarka,
Aagje