Ƙarafan da Ka Aiko wa Shuɗiya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya ƙara maka buɗi, Ya kuma rage muku sanyin nan da kullum kake yi mana ƙorafi a kansa. Mu nan kowa lafiya lau. Baba ya samu sauƙi ƙwarai, bakinsa ya koma daidai, har ya dawo da faɗansa na safe a kan wanda ya bar famfo yana ɗiga, abin da ya tabbatar mana lallai ya warke. Ƙafar dama ce kawai har yanzu take ɗan ja, yana dogara sanda, yana kuma zuwa gashi a asibiti. Umma tana nan yadda ka san ta, ba ta zama wuri ɗaya. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka a waya, ba ka barin mutum ya kai aya.

Saƙonka ya iso lafiya. Da muka buɗe kwalin, sai ga ƙarafan totur ɗin nan suna walƙiya kamar sababbin cokula. Baba ya jera su a kan teburin cin abinci, ya dinga goge su da hannun rigarsa yana sa maka albarka, ya hana kowa ajiye ko kofi a kusa. To amma, Auta, ba a ɗaura wa Shuɗiya, motar Baba, su ba. Kar ka fara kumbura, karanta ka ji yadda aka yi.

Ka tuna yarjejeniyar da muka yi bayan an sallamo Baba daga asibiti, ni da kai da Umma. Muka ce idan Baba ba zai iya tuƙa motar nan cikin aminci ba, to sai dai a rabu da ita, don ba za mu zuba ido ya hallaka kansa ko ɗan wani ba. Ni ce ma na fi kowa tsananta maganar. Shi kuwa mutumin nan mai tara tsofaffin motoci, mai 'yar hula a karkace, ya mai da ƙofar gidanmu wurin hirarsa. Ya zo da sunan dubiya, ya gaishe da Baba da baki, idonsa yana can rumfar mota. Duk ranar da ya zo, Baba ba ya cin abincin kirki. Motar da ya ɗauko Umma a ciki, motar da aka kawo mu gida daga asibiti muna jarirai, ai ka san ba ƙarfe yake gani ba idan ya dube ta.

Ni da ban san bambancin fulogi da murfin kwalba ba, yanzu sai in buɗe makaranta, saboda zaman da na yi a rumfar nan ina miƙa wa Kawu bakanike sifana. Ashe abubuwan nan uku da ke jere a kan injin, kowanne kafireto ne, wato bakin da inji ke shan fetur da iska. Idan aka taka totur, ƙarafan nan ne ke jan su su buɗe. To kala biyu ne. Akwai irin wanda ka aiko, wanda yake daidai da tsohon da ya ƙoƙe: ana taɓa totur, bakunan uku su buɗe lokaci ɗaya, mota ta yi zillo. Akwai kuma wanda sandarsa ke da doguwar tsaga. Shi wannan, na tsakiya kaɗai yake buɗewa da farko, mota ta tafi a hankali tana shan mai kaɗan, sai ƙafa ta yi nisa sannan ƙusar da ke yawo cikin tsagar ta kai ƙarshe, ta jawo sauran biyun su shigo aiki.

Kawu ya tsaya kai da fata a kan naka. Ya ce kaya sabo fil, an auna shi daidai da motar, ɗaurawa kawai za a yi, kuma mota mai kafireto uku da za ta riƙa tafiya da ɗaya ai an ci mutuncinta. Baba ya ce shi mai tsaga yake so. Kawu ya saki baki. Ya tuna masa cewa shi ne fa mutumin da ke tsere da jirgin ƙasa muna baya muna ihu, Umma tana addu'a ido a rufe. Baba ya ce wannan da ne, yanzu ya girma. Kawu ya ce shekara saba'in bai girma ba, sai da ƙafa ta sa baki. Haka suka wuni suna yi, ka dai san su, tun kafin a haife mu ba su taɓa yarda da juna a kan ko launin fenti ba.

Da Kawu ya ga ba ci, sai ya ce a auna ƙarfin ƙafar tukuna. Aka ɗauko sikelin banɗakin Umma, aka jingina shi da bango, Baba ya zauna a kujera ya taka. Allura ta yi sama, Kawu ya fara tafi, ni kuma na leƙa na ga dattijo ya saƙala sandarsa a gefe yana dannawa da hannu. Wallahi na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da aka ƙwace sandar, ƙarfin ya ragu, amma dai akwai shi. Kawu ya kawo shawarar a cire ɗaya daga cikin sifirin biyun da ke mai da totur baya, don takun ya yi laushi. Nan Baba ya ɗaure fuska ya ce ko kusa, idan ɗaya ya tsinke a kan hanya ɗayan ne zai rufe mai. Sai dai a ƙara tsawon hannun da ke jan na tsakiya, takun ya yi tsawo ya yi sauƙi. Ya kuma ce kar sauran biyun su shigo sai ƙafa ta wuce rabi sosai.

Kawu ya zaga wajen masu sayar da tsofaffin kaya har ya samo mai tsagar, duk tsatsa. Ya kankare, ya ƙara tsagar da zarto, ya ɗaura ya kwance, ya ɗaura ya kwance, don dole ne duk ukun su kai ƙarshen buɗewa tare, kuma su rufe tsaf idan an ɗaga ƙafa. Don ya daidaita su, sai da ya yanke tiyon ban ruwan fulawowin Umma, ya kara baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kowane kafireto, yana sauraren shaƙar iskarsu kamar likita. Umma ta fito ta wanke ƙanen nata tas, ta ce tun yana yaro mai ɓarna ne. Ana cikin haka Baba ya sa aka jiƙa layin kujerar direba da mai, aka yi ta bugu har ta yarda ta matsa gaba, kujerar da tun da nake ban taɓa ganin ta motsa daga tsawon ƙafafunsa ba. Na ɗauka don ƙafar ce, ban kawo komai a raina ba.

Ranar gwaji muka tafi har da Umma, Kawu yana tuƙi, filin nan na bayan makaranta da safe, kafin masu ƙwallo su fito. Baba ya shiga, ya tayar, ya ja. Auta, da ka ga yadda Shuɗiya ta taso sumul, ba zillo ba tari! Ya zaga filin yana ɗaga mana hannu, ni ina tsalle kamar yarinya. Saura abu ɗaya, wanda muka amince a kai tun a gida: Kawu zai jefa kwali a gabansa ba zato, a ga ko zai tsaya. Kwalin saƙonka ne ma. Kawu ya jefa. Na ga Baba ya gan shi, na ga kafaɗarsa ta motsa, amma ƙafar ta yi nauyin tashi daga totur zuwa birki. Kafin motar ta tsaya, kwalin ya zama faifai a ƙarƙashin taya. Kawu ya sunkuyar da kai, ni kuwa hawaye suka ƙwace mini, don na san ni ce zan kira mai hular nan.

Baba ya kashe mota, ya fito da ƙyar, ya dogara sandarsa ya zagayo ta gaba har ɗaya gefen. Ya buɗe wa kansa ƙofar da Umma ta saba shiga, sannan ya miƙa mata makulli. Ya ce tun yana kwance a asibiti ya san ƙafar nan ba za ta sake kama birki a kan kari ba, shi direba ne, ba sai kwali ya gaya masa ba. Ya ce yarjejeniya ta hana shi tuƙi, ya yarda, amma ba a ce gidan babu wani direba ba, kuma ba don ƙafarsa ya zaɓi mai tsaga ba.

Ka san Umma ta iya mota tun tana aiki, ƙaramar motarta har ta tsufa ba ta taɓa gogar ko bango ba. Amma ka san labarin ginshiƙin ƙofar gida. Suna sababbin aure ta shiga Shuɗiya sau ɗaya tak, ta ɗan taɓa totur, bakunan uku suka buɗe, mota ta yi tsalle ta rungume ginshiƙi a gaban surukarta da maƙwabta. Tun ranar ta rantse ita da sitiyarin nan har abada. To sai ta ɓoye hannuwanta a cikin mayafi, ta ce so yake ya kunyata ta da furfurarta. Baba ya ce rabin farko na totur ɗin nan yanzu bai fi takun keken ɗinkinta ba, sauran biyun suna barci, ba za su farka ba sai ita ta tashe su. Ya ce idan kuma ba ta so, ba komai, a kira mai hula ya zo ya ɗauka yau. Umma ta ƙura wa motar ido. Can ta fizge makullin, ta ce ba don shi ba, don dai ta tsani yadda mutumin nan ke leƙa mata rumfa ne.

Ta ja kujera gaba, ta yi bisimilla, ta tayar. Motar ta mutu sau ɗaya, Kawu ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi ta gilashi ya haɗiye. A karo na biyu ta tafi lafiya ƙalau. Kawu ya gyara kwalin ya sake jefawa, ta tsaya cak da tazara mai yawa, har ta leƙo tana tambayarsa ko shi ke nan jarrabawar. Baba yana gefe, ya juya fuskarsa wajen taga, ya ce ƙura ce ta shigar masa ido. Ni dai ban ga ƙura ba.

Yanzu ita ke kai shi gashi. Yana zaune a gefenta da sanda a tsakanin gwiwoyi yana ba da umarni, ita kuma tana gaya masa abin da ya shekara arba'in yana gaya mata, wai direba ba ya son surutu. Mai hula ya zo sau ɗaya, ta fito da Shuɗiya ta danna masa ham ya ba ta hanya, bai sake dawowa ba. Makon jiya na bi su. Da muka hau babban titin bayan gari, hanya fayau, Baba ya fara tsokanarta, wai an ba ta doki tana tafiyar jaki. Sai na ji ƙafarta tana ƙara nitsewa, ta kai inda totur ke ɗan tauri, ta wuce. Auta, sauran biyun suka farka! Motar ta yi wani ruri da na manta da shi tun muna yara, bayana ya manne da kujera, mayafin Umma ya tashi. Ta rafka salati, sai kuma ta fashe da dariya. Baba kuwa, mai tsere da jirgin ƙasa, ya damƙe hannun ƙofa da hannu biyu yana roƙon ta da girman Allah ta sassauta.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na gode da man shafawar da ta sako. Ka shafa mini kan 'Yar Baba da Ƙaramin Auta, Allah Ya raya su. Kawu yana gaishe ka, ya ce har gobe naka ya fi kyau, a rubuta haka. Maigidana da yara duk suna gaisuwa. Baba ya ce Allah Ya yi maka albarka, kuma in tambaye ka ko za a iya mayar wa masu kantin kayansu, kar su zauna a banza. Na zo rubuta tambayar ke nan Umma ta tsaya a kaina, ta ce in gaya maka kar ka wahalar da kanka. Ta shafe ƙarafan da mai, ta naɗe su a tsumma, ta kulle a durowarta inda Baba ba zai kai ba. Ta ce bana dai mai tsaga ya ishe ta, amma baɗi a ɗaura mata naka.

Wassalam, taka har kullum,
Yaya Babba