Ashe Jar Kazata Ce

Ibadan, ran Talata

Ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya mutanen Tudun Kaya? Da hannuna na rubuto, kada ki yi wa layukan dariya. 'Yata Zahra'u da jaririnta lafiya lau. Ni ma ƙalau nake, gwiwata ce dai ba ta shiri da benen nan.

Maza ki lulluɓe barkonon da na bari a shanya. Mijin Zahra'u, likitan dabbobi, ya ce jijiyar da ke jin yaji a bakinmu da na akuya, ta kaza daban take, barkono ba ya taɓa ta. Na ce wa Zahra'u, "Zancen 'yan boko!" Sai ya jefa wa kazar maƙwabta attaruhu, ta cinye tas, ko atishawa ba ta yi ba.

Barira, bara da shanyata ta ragu, Murja matar Ilu na zarga, har muka daina gaisawa, don na ɗauka kaza ba ta cin barkono. Ashe jar kazata ce! Abin ya tsaya mini a rai. Ki sa a yanka ta, ki yi farfesu ki kai wa Murja, ki roƙa mini gafara kafin in dawo. Ki zuba yaji sosai.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Ummukulsum