Awon Ƙafar Baba

Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ba da son raina na ɗauki biro ba, don haka kada kanka ya kumbura.

Wata huɗu ke nan Baba ya zame a banɗaki, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi masa aiki ya warke, amma ƙafar hagu ta gajarce. Likita ya ce sai an samo takalmin da na hagu ya fi na dama tudu, in ba haka ba zai sake faɗuwa. Wanda suka nuna mana a asibiti tsadarsa ta fi ƙarfina, kuma ko da kyauta ne ba zai sa ba. Ka san halin ubanka. Shekara hamsin yana sassaƙa takalmin katako, ya ce ba zai tsufa da roba a ƙafa ba.

Sau uku ina zaga kasuwa bayan na tashi daga makaranta. Masu arahar ɗanyen katako ne, nauyi kamar bulo, maɗaurinsu na leda. Na saya masa ɗaya, kwana biyu ya tayar masa da bororo a bayan babban yatsa. Masu kyan kuwa na 'yan mata ne, masu tsinin dunduniya. Yanzu yana nan a kujerar bakin taga, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Hannunsa rawa yake, ba ya iya riƙe gizago.

Kai ya koya wa sana'ar. Ka yi masa guda. Bai san na rubuto maka ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa, lafiyarmu lau, in dai da gaske kike tambaya.

Wata huɗu! Da an yi masa aikin bai tashi ba, a bakin wa zan ji? Sai da aka buƙaci kafinta aka tuna akwai ɗa namiji a gidan.

Tunda mantuwa ta yi miki yawa, bari in tuna miki. Ina da shekara goma sha tara na yi takalmina na farko, sati guda ina goge shi. Ya karɓa a gaban masu saye, ya ɗora a kan benci, ya sa guduma ya raba shi biyu. Ya ce hannuna na cin abinci ne kawai. Ranar da na sayi injin yanka katako kuma ya ce in kwashe shi in bar masa gida, ni da injin duka. Kina tsaye a bakin kicin kina yanka albasa, ko ɗago kai ba ki yi ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ni ƙofa da tebur nake yi, da injin da ya tsine wa. Ku nemi mai hannu.

Allah ya ba shi lafiya. Wannan kam ina yi masa addu'arta.
Ƙaninki

*

Auta,

Gaisuwa, don dai haka aka koya mana.

Na karanta takardarka a tsaye, domin zama yana yi mini wuya. Ni nake ɗaga shi daga gado, ni nake kai shi wanka, ni nake dawo da shi. Bayana ya kusa tsinkewa. Maigidana ya fara tambaya ko a gidansa nake aure ko a gidan ubana. Kai kuma kana can kana lissafin abin da aka yi maka da ƙuruciya. Kana tsammani kai kaɗai ya taɓa ci wa mutunci? Ni da na zauna, kullum sai na sha nawa. Ranar nan kuma da kake faɗa, da na ɗago kai da mu biyu za a kora, a bar Mama ita kaɗai da shi, ga ta ba lafiya.

Shekaranjiya ya tashi ba takalmi zai ɗauko rediyonsa, ya kife, goshinsa ya daki gefen tebur. Ɗinki biyar.

Kuma ƙarya na yi maka. Ya san na rubuto. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ɓata takarda kika yi. Wannan ko kwarin tafin ƙafa bai iya fafewa ba." Na faɗa maka ne don ka san ba ya roƙonka. Ni ma na daina.

Ga zanen ƙafafunsa nan a kwali. In ka ga dama ka hura wuta da shi.

Sai an jima.
Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ki.

Malamar makaranta guda, ba ki iya riƙe fensir a miƙe ba? Zanen nan ya fi kama da ƙafar agwagwa. Ba ki ma rubuta yawan gajartar ba, sai da na kintata.

Direban da ya kawo miki wannan takarda zai ba ki ƙunshi. Busasshen katako ne marar nauyi, ragowar wani aiki, don haka kada ki yi mini zancen biya. Na liƙa robar taya a ƙasa saboda santsi. Maɗaurin fata ce mai laushi, ƙusoshin ta gefe na buga don kada su taɓa shi. Inji bai taɓa takalmin nan ba, da gizago na fafe kwarin. Wannan kada ki faɗa masa. Ko kuma ki faɗa, ba ruwana.

Don bayanki na yi, ba don shi ba. Zancen Mama kuwa ban sani ba. Da kin faɗa tuntuni.

Ki huta.
Ƙaninki

*

Auta,

Sallama. Ƙunshi ya iso.

Ban ce masa daga ina ba, bai kuma tambaya ba. Ya juya su, ya shinshina katakon, ya bi kwarin da babban yatsansa har sau uku. Ya ce in sa masa. Ya miƙe, ya taka zuwa ƙofa, ya buɗe ya fita. Na bi shi a baya da sanda, ya ce in koma, shi ba jariri ba ne. Har shagon mai aski na kan kwana ya je. Tun daga ɗaki nake jin takunsa a kan siminti.

Kada ka yi murna. Da ya dawo ya zauna yana haki ya ce, "Dunduniyar hagu ta yi tudu da kaurin farce. Haka aiki yake fita in mutum ya yi ƙyuyar zuwa ya auna ƙafa da hannunsa." Na ce to ya cire a mayar. Ya ce wanda ya taɓa masa takalmi sai ya ga abin da zai faru.

Na isar da saƙo, kuma shi ne na ƙarshe. Ni ba masinjarku ba ce. Ku biyun kanku ɗaya, taurinsa ɗaya, na gaji da tsayawa a tsakani.

Ka gaida matarka, ita ce abar tausayi.
Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ki.

Dunduniyar daidai take. Amma zan shigo ranar Asabar da safe da kayan aikina in nuna masa. Ba gaisuwa zan zo ba, awo zan zo.

Ki ce masa ya wanke ƙafa.

Ƙaninki