Ƙauyen da Ba Shi da Hasumiya

Jurf, Madina
9 ga Ramadan, 1420

Ya Lurwanu, mijina, sanyin idona, inuwar dabinona a tsakar rana, ruwan buɗa-bakina!

Wasiƙarka ta iso, da ɗan littafin tallan ƙauyen nan naka na kan duwatsun Suwidin. Na ga jajayen gidajen katako, da tafkin da ya daskare har mota na bi ta kansa, da kujerun da ke hawa dutse a jikin waya ɗauke da 'yan yawon buɗe ido. Su biya kuɗi su sulalo a kan ƙanƙara, su karye, a kawo maka ka ɗora! Ka ce ranarku awa huɗu ce. To wannan ma azumi ne, Likita?

Na yi dariya, sai na kai layin ƙarshe: sun ba ka aiki na dindindin, in tattara in zo. Wallahi tun ranar ban san ɗanɗanon abinci ba.

Na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya ina neman hasumiyar masallaci, ban gani ba. Maƙabarta ɗaya na hango, a bayan coci. Habibi, nan za ka kai ni? Ka manta yammacin da muka fito daga Harami, muka tsaya jikin katangar maƙabartar Baƙi'a, na nuna maka wajen da kakana yake kwance? Shekara bakwai ya yi a hanya daga Katsina, da ƙafa, don a rufe shi a ƙasar nan. Ka share mini hawaye da bakin mayafina, ka ce mu ma nan ne makwancinmu.

Wata shida ka ce mini, kwas ne kawai. Bizarka ta dawowa za ta mutu ran ashirin ga Shawwal, iƙamarka, takardar izinin zamanka a nan, ta bi ta. Sau biyu ina zuwa mustashfa, asibitinku na nan, ina roƙon mudir, shugabanku, ya riƙe maka gurbinka, jiya ko kallona bai yi ba.

Ina sonka, son da ke hana ni numfashi! Ina tsoron farin dutsen nan kamar yadda ban taɓa tsoron wata mace ba. Ka dawo, don Allah ka dawo.

In ka zauna, ba zan nemi saki ba, ba kuma zan kalli wani ba har a kai ni Baƙi'a. Amma ba zan zo ba, Lurwanu.

Taka a duniya, da fatan har lahira,
Sundus