Layin da ya ratsa ɗakin Inna

Labbo,

Na wuce wurin aiki a Ambursa, ban tashe ka ba.

Jiya na yi abin da kuka matsa mini. Na sa zanen gidan marigayi Baba a kwamfutar ofis, na ce ta raba layin gaban gidan kashi huɗu daidai. Nan take ta raba, ita ba ta da uwa. Alama ta biyu ta faɗa tsakiyar ɗakin Inna, rabin shimfiɗarta naka, rabi na Munzali. Barkanku, ba a cuci kowa ba.

Zanen yana kan tebur. Kai da ka fi kowa son adalci, kai mata shi Argungu da kanka, ka tambaye ta a rabon wa take so ta sa kai.

Yayanka,
Tamba